Malam Maman Barka da darasin da ya bar mana a Malbaza



Kwanan baya muna zaune bayan la'asar, wani yaro ya kunna tsohuwar waƙar Malam Maman Barka a salularsa. Duk muka yi tsit. Mu da muka tashi da rediyo da kaset, muryar nan ta maida mu baya, lokacin da ake zagaye akwati ɗaya a ƙofar gida. Da muka tambayi yaron ko ya san mai waƙar, sai ya ce a'a, daɗinta kawai ya ji. Wannan amsar ce ta sa muka ce bari mu yi maganarsa yau.

Maman Barka ɗan Tasker ne, can jihar Damagaram, cikin Tubawa makiyaya. Aikin koyarwa ya fara yi, mushen lakwal ne mai alli a hannu, shi ya sa sunan Malam ya bi shi har ƙarshen rayuwarsa. Da gurumi ya yi suna, yana waƙa da Hausa da wasu harsunan ƙasarmu. Daga baya ya koma Yamai, cibiyar koyar da kiɗa ta Alhaji Taya da aka buɗe a 1989, inda ake koya wa matasa kiɗa, ake kuma adana kayan kiɗan gargajiya na Nijar.

Abin da ya fi burge mu shi ne abin da ya yi a 2002. Mutum ya riga ya shahara, amma ya samu tallafin UNESCO, ya tattara ya nufi tafkin Cadi ya zama almajiri. Can wurin Buduma masunta akwai wani abin kiɗa da ake kira biram, mai tsirkiya 5, siffarsa kamar kwale-kwale. Gwani ɗaya ya rage da ya iya kaɗa shi, wani dattijo mai suna Bukar Tar. Malam ya durƙusa gabansa ya koya, dattijon kuma ya damƙa masa biram ɗin. Da ya yi jinkiri kaɗan, da sai dai labari. Shi da abokin tafiyarsa mai ganga, Umaru Adamu, suka kai biram har Turai, faifansu ya fito a 2009. Allah ya yi masa rasuwa a Yamai cikin Nuwamban 2018.

To, mu fa? Nan unguwarmu akwai wani tsoho mai goge da muka tashi muna ji. Kullum muna cewa wata rana za mu je mu ɗauki muryarsa, ya faɗa mana wa ya koya masa, da yadda ake ɗaura izga da fatar guza a ƙwarya. Wata ranar ba ta zo ba. Da muka je gaisuwar rasuwarsa, gogen na rataye a zaure, fatar ta tsage. Jikokinsa ba wanda ya koya. Wani ma ya ce kunya yake ji a kira shi ɗan maroƙi. Gaskiya ba laifin yaran kaɗai ba ne. Mu ne muke rawa idan an kaɗa, amma mu hana ɗanmu taɓa kalangu.

Jiharmu ta Tawa ce ta ba ƙasa Ɗan Gurmu, har aka sa wa gasar mawaƙa sunansa. Cikin waƙoƙin noma, na kokowa da na aure akwai sunayen kakanni, da garuruwa, da shekarun yunwa da babu su a kowane littafi. In mai su ya tafi, sun tafi ke nan.

Malam Barka ya yi tafiya mai nisa kafin ya iske malaminsa. Mu namu suna nan kusa, wasu a bayan katangarmu. Kowa na da salula a aljihu. A wannan makon, ku je wurin tsohon makaɗin garinku ko tsohuwa mai waƙar daka, ku nemi izini, ku naɗi muryarsu, ku rubuta sunansu da na wanda ya koya musu. Malaman lakwal kuma, ku gayyato su aji ko da sau ɗaya ne, yara su gani da idonsu.

Allah ya jiƙan Malam Maman Barka, ya jiƙan magabatanmu baki ɗaya.