Makarantun Dawaki Biyu: Hirar Bayan Isha'i

Ku gyara zama, a ƙaro shayi, yau siyasa ta huta. Injiniya, kai ka tsokano zancen da ka ce yaronka ya ci jarrabawar shiga Makarantar Kimiyya ta Dawakin Tofa, tun ɗazu bakinka ya ƙi rufuwa. Allah ya sanya albarka. To bari in ba ku labarin yadda aka kafa ta, ita da 'yar'uwarta ta Dawakin Kudu, tunda yaran yanzu gani suke tun fil azal suna nan.

A 1977 aka buɗe su, Jihar Kano tana da shekara 10 da kafuwa, Kanar Sani Bello yana gwamna. Kuɗin mai sun shigo, gwamnati na ta gine-gine, amma wa zai riƙe aikin? Ka shiga asibitin gwamnati, likitan da zai duba ka sau da yawa Ba'indiye ne ko Bamisire, sai an samo mai yi muku tafinta kafin ka gaya masa inda ke maka ciwo. Haka wajen injiniyoyi. Ga jama'a kamar ƙasa, ga kasuwa, amma 'yan jiha masu karatun kimiyya a jami'a ba su taka kara sun karya ba. Su Dokta Ibrahim Ayagi, wanda yake kwamishina a lokacin, suka ga in ba daga sakandare aka gyaro abin ba, haka za a yi ta haya.

Ga inda dabarar take, ku saurara. An ɗauki makarantu biyu a bayan gari aka mayar da su na kimiyya zalla, sannan aka cire su daga ƙarƙashin ma'aikatar ilimi aka ba su hukumarsu ta kansu. Ni a wurina wannan ne sirrin duka. Hukuma mai kasafinta, mai ɗaukar malamanta, wadda in ana bukatar sinadari a ɗakin gwaji ba sai fayil ya kwana wata uku a teburin wani ba. Ɗalibai kuwa ba daga firamare ake kwaso su ba. A wancan lokacin sai yaro ya yi aji biyu a wata sakandaren, ya zauna jarrabawa, in ya ci a kai shi Dawaki ya yi shekara uku. Rukunin farko sun fita a 1980.

Kada ku ɗauka kowa ya yi tafi. Tsakaninmu, shugabannin sauran makarantu ba su ji daɗi ba, kuma ban ga laifinsu ba: ka raini yaro shekara biyu, a zo a yaɗe man a bar maka tsala, gobe sakamako ya fito a ce makarantarka ba ta ƙoƙari. Wasu suka ce ai fifiko ne, ana kashe wa 'yan tsiraru abin da ya isa dubbai. Maganar tana da ƙanshin gaskiya. Sai dai 'yan tsirarun nan ba 'ya'yan manya ba ne kaɗai. Ɗan manomi daga Gumel ko Birnin Kudu, da akwatin ƙarfensa da ƙullin ƙuli-ƙuli da garin kwaki, gado ɗaya mai hawa biyu yake rabawa da ɗan babban sakatare.

Likita, kana shiru, ai kai ganau ne. Ba kai ka ba mu labarin ranar da ka fara ɗiga sinadari cikin kwalba ba, ɗigo ɗaya ruwan ya juye ruwan hoda, ka kusa sakin kwalbar don mamaki? Nisan gari ma ya taimaka wa karatun. Ba silima, ba zaman bakin titi; daga aji sai masallaci, sai karatun dare.

Da abin ya karɓu sai aka faɗaɗa. Mata suka sami tasu a Taura a 1981, aka ƙara ta maza a Kafin Hausa. Da aka yanke Jigawa a 1991 waɗannan biyun suka tafi da ita, Kano ta tsaya da Dawakin nan biyu, ga kuma ta Gaya mai sunan Maitama Sule da ta mata a Garko. Hukumar ma yanzu har makarantun fasaha take riƙe da su. Farfesa Abdalla Uba Adamu a kan makarantun nan ya yi digirinsa na uku a Ingila, ya kammala a 1988.

Birni kuma bai tsaya ba. Ku bi titin Katsina ku wuce kasuwar Dawanau ku ga yadda gidaje da rumbunan ajiya suka cinye gonaki. Wurin da iyaye ke ganin uwa duniya ce, yau mutum kan kai ziyara da hantsi ya dawo cin abincin rana.

Injiniya, ranar kai yaro kada ka tura direba, ka je da kanka. Kai kuma Likita, ka bi shi, ka leƙa ɗakin gwajin nan ka tambayi malamai abin da suke bukata, ka kawo mana jerin nan majalisa mu haɗa.