Iskar da ke Fitowa daga Gefen Baƙin Rami

Abin da ya fi tsaya mini a rai game da PDS 456, wani abu mai tsananin haske a can nesa cikin sararin samaniya, shi ne, ƙaton baƙin ramin da ke tsakiyarsa, wanda aka san irinsa da haɗiye komai, yana kuma korar abu da ƙarfin gaske. Gas ɗin da ke kewaya shi yakan yi zafi har ya fitar da hasken eksire, irin wanda ake ɗaukar hoton ƙashi da shi a asibiti. Sinadarin ƙarfen da ke cikin iskar gas ɗin da ake kora yana tsotse wani ɓangare na hasken, ya bar gurbi. Daga yadda gurbin ya goce masana ke auna gudunta.

A 2015, na'urorin hangen sararin samaniya XMM-Newton da NuSTAR sun nuna iskar tana bazuwa ta kusan kowace fuska. Tauraron ɗan adam XRISM na Japan, da aka harba a 2023, ya gano cewa curi-curi take tafiya, da gudu iri 5, tsakanin kashi 20 zuwa 30 cikin ɗari na gudun haske.

Ina yawan tunanin taurarin da wannan iska ka iya hana samuwa, domin gas ɗin da take kora shi ne kayan gininsu. Hasken da ya kawo mana labarin ya shafe sama da shekara biliyan 2 a hanya.