Fulawar Hajiya a Duwala

Ranar da za mu bar Kano, Hajiyarmu ba ta ba ni atamfa ko turare ba. Fulawarta ta ɗauko, irin mai yaɗon nan mai ganye kore da ɗigon rawaya, wadda ta yi shekaru tana bin tagar ɗakinta. Ta ce, "Ki tafi da ita. In kin gan ta, kin gan ni."

A cikin bokitin fenti ta yi tafiyar: Yola, Garwa, Ngaundere, jirgin ƙasa zuwa Yawunde, sannan mota har Duwala, inda Maigida ya kama shago. Ta iso a galabaice, mu ma haka.

Muka sauka a New Bell cikin watan Yuli, ruwa ba dare ba rana. Na ajiye ta a lungun falo, na ci gaba da abin da na saba gani a gida: kullum safiya kofi guda na ruwa. Ganye ya fara yin rawaya yana zuba. Na ce ƙishi ne, na ƙara mata ruwa. Duk sanda Hajiya ta kira ta tambaye ni, sai in ce, "Lafiyarta ƙalau," in yi maza in sako wani zancen. Wallahi ƙaryar ta fi zubar ganyen damuna.

Wata dattijuwar maƙwabciyarmu 'yar Garwa, wadda muke kira Inna, ita ta gano matsalar. Ta tura yatsa cikin ƙasar, ta shinshina, ta ce, "'Yar nan, ai kin shaƙe ta. Nan ba Kano ba ne. Wankinki kwana nawa yake yi kafin ya bushe?"

Na yi shiru. A Kano zafi da busasshiyar iska ke shanye ruwan kafin dare. A nan iskar kanta jiƙe take, bokitin kuma ba huji.

Muka zazzage ta. Saiwoyin sun yi baƙi, sun yi laushi, suna wari. Inna ta sa almakashi ta yanko rassa huɗu masu lafiya, kowanne daga ƙasan gaɓa, wato inda ganye ke fitowa, don a nan sabuwar saiwa ke tsirowa. Muka cire ganyen ƙasa, muka tsoma su a kwalba, muka ajiye kusa da taga inda akwai haske amma rana ba ta dukansu. Duk bayan kwana uku nakan canja ruwan.

Reshe ɗaya ya ruɓe. Sauran ukun, cikin sati na uku, suka fito da fararen saiwoyi kamar zare. Da suka kai tsawon yatsa, na dasa su a tukunya mai huji, cikin ƙasa da na gauraya da yashi da garin gawayi. Yanzu ba na zuba ruwa sai na tura yatsa na ji saman ya bushe. Da damina takan yi kwana goma ba ta nema ba.

Ranar da sabon ganye na farko ya buɗe, na kira Hajiya na faɗa mata gaskiya duka. Ta yi dariya ta ce, "Dama na sani. Muryarki ce ta tona ki." Can ta ce, "Ke fa, kin fara sabawa?"

Na kalli tagar, na ce, "Kaɗan-kaɗan, Hajiya."