Yana Cin Komai, Alhaji

Tambaya ɗaya mai sayen na'urar dibidi yake yi a shago: "Yana cin komai?" Amsar ma ɗaya ce: "Komai da komai, Alhaji." Mai shago zai zaro faifan da ya ajiye don gwaji, ya saka, hoto ya fito tar. A jikin kwalin ga tambura nan an jera, DVD, VCD, MP3, MP4, DivX, USB. A biya kuɗi, a tari adaidaita sahu, a sauka a bakin lungu a Yakasai ko Mandawari cikin birnin Kano. Sai bayan isha'i, an kawo wuta, yara sun cika tabarma, a soka filashin da aka tura wa fim. Sunayen fina-finan su fito a jere, a danna na farko, allo ya yi baƙi. A danna na biyu, ga murya tana tashi amma babu hoto.

Ba lallai ne mai shagon ya yi ƙarya ba. Abin da aka rubuta a kwali shi ya faɗa, kuma a iya saninsa haka ne. Gida ne ya canza, na'urar ba ta canza ba.

A zamanin kaset babu wannan rigimar. Tun daga Turmin Danya na ƙungiyar Tumbin Giwa a 1990 har zuwa su Sangaya da Wasila, duk kaset ɗin da aka sayo a Ƙofar Wambai zai shiga bidiyon kowane gida. Iyakar matsala kai ya yi datti ko zare ya naɗe. Da faifan sidi na kallo ya shigo ma da sauƙi. Philips da Sony da JVC da Matsushita sun daidaita tsarinsa guda ɗaya tun 1993, kuma faifai ɗaya ba ya ɗaukar fiye da minti 74 zuwa 80, shi ya sa fim ɗin Indiya mai awa uku yake zuwa a faifai uku. Dibidi ya zo da ciki mai girma, gigabait 4.7, da hoto mai kyau. Na'urarsa tana karanta tsohon sidi, amma tsohuwar na'urar sidi ba ta san dibidi ba. Hasken da ke karanta su ma daban ne, don haka in mai gyara ya ce "idon ne ya yi rauni", alhali na'urar tana cin sidi tana ƙin dibidi, gaskiya ya faɗa.

Akwai kuma faifan da ya zo daga waje. Kamfanonin fim sun raba duniya shiyya-shiyya, Amurka ta 1, Turai da Saudiyya ta 2, Nijeriya da Indiya ta 5, don kada faifan wata shiyya ya yi a na'urar wata. Sa'ar da muka yi, yawancin na'urorin Sin da suka cika kasuwa ba su damu da wannan shingen ba. Wanda ya fi cizo shi ne tsarin hoto: mu PAL muke amfani da shi, Amurka NTSC, sai ka ga faifan da ɗan'uwa ya aiko yana fitowa fari da baƙi a tsohuwar talabijin.

Amma duk wannan tsohon zance ne. Babbar matsalar ta fara ne ranar da fim ya bar faifai ya koma waya. Yanzu a kowace unguwa akwai masu tura fina-finai, matashi da kwamfutarsa a ƙaramin shago, ka miƙa masa memori ko filashi ya zuba maka Izzar So, ko Labarina, ko fassarar Indiya. Duk abin da ya zuba sunansa yana ƙarewa da MP4, na'urar ma an rubuta mata MP4, to me ya hana?

MP4 buhu ne kawai. Ana iya zuba masa gero, ana iya zuba masa shinkafa, daga waje kuwa kamarsu ɗaya. Abin da na'ura take bukatar ta gane shi ne yadda aka matse hoton da ke ciki. Yawancin na'urorin dibidi na gida tsohuwar matsa suka iya, wadda ake kira DivX ko Xvid. Hoton da ya fito daga YouTube ko WhatsApp ko kyamarar waya kuwa galibi da H.264 aka matse shi, tsarin da ya fito a 2003, sababbin wayoyi ma sun wuce zuwa H.265 na 2013. Ƙwaƙwalwar da ke cikin na'urar an ƙera ta ne da iya abin da ta sani, ba kamar waya ba ce da za a sauke mata sabuwar manhaja. Shi ya sa wani lokaci take buɗe buhun ta gane murya ta kasa gane hoto. Ko an dace da matsar ma, sai faɗin hoton ya kayar da ita. Iyakarta ɗigo 720 a kwance, 576 a tsaye, wayar da ke aljihun ɗan sakandare kuwa tana ɗaukar 1920 da 1080.

Shi kansa filashin yana da nasa hali. Tsoffin na'urori tsarin FAT32 suke karantawa, wanda ba ya riƙe fayil ɗin da ya kai gigabait 4. Manyan filasan da suka haura gigabait 32 yawanci da wani tsarin suke zuwa, sai na'ura ta yi kamar ba a soka mata komai ba. Mutum ya sayi babba don ya huta, ashe ƙaramin ne zai yi masa aiki.

Wani zai ce ai na'urar dibidi ta zama tsohon yayi, a bar ta mana. Mai faɗin haka bai shiga ɗakunan iyayenmu na cikin birni ba. Akwai gyatumar da idonta ba ya ganin allon waya, kuɗin data ma ba ta da shi, amma ta san inda za ta danna a rimot. A saman kabad ɗinta akwai faya-fayan tafsirin marigayi Sheikh Ja'afar Mahmud Adam, da na Hawan Daushe na zamanin marigayi Sarki Ado Bayero, da na kamu da ɗaurin auren 'ya'yanta. Wasu daga cikin waɗanda suke cikin faya-fayan nan sun riga mu gidan gaskiya, kuma nan ne kaɗai muryarsu ta rage. Faifan da ya fi ba ni tausayi shi ne na bikin jika. Mai ɗaukar hoto ya ɗauka da sabuwar kyamara, ya zuba fayil ɗin a faifai kamar yadda ake zuba takarda, bai tsara shi a tsarin dibidi ba, ko kuma ya manta bai rufe faifan ba bayan ya gama. A kwamfutarsa yana yi lafiya lau. A ɗakin Hajiya kuwa na'ura ta yi ta juyi ta ce babu faifai, ita kuma ta ɗauka na'urarta ce ta lalace, ta aika a kai gyara.

Don haka ni a ganina faifan mai shago ba shaida ba ne. Duk wanda zai saya wa gida na'ura, ko a Sabon Gari ko a cikin gari, ya tafi da kayansa: tsohon sidin da ya ɗan goge, faifan biki, da filashin da mai turin unguwarsu ya cika. A saka su ɗaya bayan ɗaya a gabansa, a gwada gaba da baya, a saurara ko baki da murya suna tafiya tare. Mai shagon kirki ba ya jin haushin wannan. Idan kuwa an riga an saya, ba sai an yar ba. A ce wa mai turi ya mayar da fim ɗin AVI mai matsar DivX ko Xvid, ya rage faɗinsa zuwa na dibidi, ya zuba a ƙaramin filashi. Aikin 'yan mintuna ne a kwamfuta. Mai ɗaukar hoton biki kuma a gaya masa tun kafin ya karɓi cikon kuɗinsa cewa a na'urar Hajiya za a gwada.

Tsoffin faya-fayan kuwa kada a jira. Faifan da aka zuba a kwamfuta ba ya jure zafi da ƙura irin na Kano kamar na kamfani, kuma sababbin kwamfutoci da yawa ba su ma da wurin saka faifai. Tun ana samun mai tsohuwar kwamfuta a unguwa, a kai masa ya kwafe su, a ajiye kwafi ɗaya a gida, ɗaya a wurin wani ɗan'uwa.