Rabon Gado da Tsoron Kwamfuta

Tun da JAMB ta mayar da jarrabawarta kacokan kan kwamfuta a 2015, yaran unguwarmu Mandawari suke kallon na'urar tamkar dodon da za a tsallake a huta. Ina koyar da wasunsu da yamma. A ce su danna amsa, ba gardama. A ce su tsara matsala daki-daki yadda na'ura za ta bi, sai ka ji, "Malam, wannan ai na 'yan kimiyya ne."

Alhali mai wannan maganar shi ke zama a zaure bayan Magariba ana biya masa rabon gado: a fitar da kuɗin jana'iza, a biya bashi, a zartar da wasiyya, sannan in mamaci ya bar 'ya'ya matarsa ta ɗauki sumuni, in bai bari ba rubu'i. To, wannan da wancan mene ne bambancinsu? Ita kanta kalmar algoridim daga sunan Alkhawarizmi ta samo asali, malamin Bagadaza na ƙarni na 9, wanda mas'alolin gado suka cinye babban sashe na littafinsa na aljabara.

Ranar da na ce su rubuta wa kwamfuta wannan rabon, har aka kira Isha'i suna musu kan inda za a sa "in".