Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba

A Amurka da Kanada akwai wani wasa da ake yi a zaune, kewaye da teburi. Kamar tatsuniya yake, amma ba mutum guda ke ba da ita ba. Kowa yana ƙara nashi. Na farkon da ya yi suna shi ne Dungeons & Dragons, wanda ya fito a 1974.

A 2013, Avery Alder ƴar Kanada ta fito da wani mai suna The Quiet Year. Mutum 2 zuwa 4 ke yin shi. Suna zana taswirar wani gari da ya fito daga yaƙi. Akwai karta 52, kowace ɗaya mako guda ce. Wanda ya ja karta, sai ya amsa tambayarta. In an zo shawara, kowa na da magana guda, bi da bi. Ba wanda ke cin wani.

Irin wannan wasa, kafin a buga shi a sayar, sai an kira mutane sun gwada.

Wani makiyayin shanu a Kanada yana da ƙane. Ƙanen ya daɗe yana tsara nashi wasan, kan wani gari mai rijiya guda lokacin fari. Har ya tara kuɗin bugawa. Sai ya kira wanshi, da matar wan, da maƙwabta 2, su gwada.

Suka zauna awa 3. Maƙwabci guda mai surutu ne. Shi ya raba ruwa, shi ya zaɓi shanun da za a sayar. Matar wan ta buɗe baki sau 2, aka tare ta. Daga nan ta yi shiru.

Da aka gama, ƙanen ya ce: "Yaya kuka gani?" Maƙwabtan suka ce ya yi kyau ƙwarai.

Wan ya yi jim. In ya yaba, ƙanen zai zuba kuɗinshi cikin abin da bai nuna ba. In ya kushe, zumunci na iya taɓuwa. Sai ya faɗi abin da idonshi ya gani kawai. Ya ce: "Labarin rijiyar ya kama ni. Amma mu huɗu muka zauna, mutum guda ya yi wasan. Matata na da dabarar gina rijiya ta biyu, ba wanda ya ji ta."

Ran ƙanen ya ɓaci. Kwana da kwanaki bai leƙo ba. Daga baya ya dawo da sabuwar doka da ɗan dutse: sai mai riƙe da dutsen ke magana, in ya gama ya miƙa gaba. Ya ɗaga bugawa, suka sake zama.

A wannan zaman, garin ya samu rijiya ta biyu.

Jama'a, in an ce ku ɗanɗana miya tun tana kan wuta, ku faɗi in gishiri bai ji ba.