Furen Garehul da Kwalbar Gwaggo

Itatuwan garehul uku ne a bayan gidan da Baba yake aikin lambu a Zariya, can unguwar Turawa. Wani Bature ne ya dasa su tun ba a haife ni ba, ya tafi ya bar su, gidan ya koma hannun wani babban ma'aikacin gwamnati da ko kallonsu ba ya yi. Mu ma yara ba su dame mu ba. Ga 'ya'yan manya kamar kan jariri, ga ɗaci, in ka gatsa sau ɗaya sai ka yini kana tofar da yawu. Mangwaro da gwaiba muke wa dako. Garehul sai dai yayyena maza su yi ƙwallo da shi.

Amma da ruwan farko ya sauka, sai itatuwan nan su rama raini. Kafin wata ya zagayo sun yi fure fari fat, gungu-gungu, mai kauri kamar an shafa masa kakin zuma. Da asuba in Baba ya tashe mu alwala, ƙamshin ne ke fara yi mana sallama, tun kafin mu laluba buta. Hantsi na yi ƙudan zuma sun cika wurin da kuka.

A shekarar da na cika goma Gwaggo ta dawo gidanmu daga Maiduguri bayan rasuwar mijinta, ta zo da sana'ar humra da turaren wuta. Ɗakinta ya zama makarantata. Ina zaune ina kallo ta wanke farce, ta soya, ta daka, ta haɗa da garin sandal da kajiji da miski, ta tsiyaya Bintu Sudan a kai, ta toshe kwalba ta tura ƙarƙashin gado. Sai ta yi makonni ba ta taɓa ba, wai haɗi ba ya son gaggawa.

Wata safiya na tsinko furen garehul cike da ƙwarya na kai mata. Baba ya gan ni a hanya, ransa ya ɓaci.

"Ke, kin san kowane fure ɗa ne?"

"Baba, ai ba wanda ke sha."

"Ba a sha ba shi ne a kashe."

Gwaggo ta karɓi ƙwaryar ta sansana, ta lumshe ido, sannan ta miƙo mini. Ta ce, "'Yar nan, wannan ƙamshi baƙo ne, ba ya kwana." Na nace, sai ta ba ni tsohuwar kwalba. Na ɗura furen, na zuba ruwa, na tura ƙarƙashin gado yadda na ga tana yi. Kwana uku na buɗe, furen ya koma ruwan ƙasa, wari kamar kwata. Na sake gwadawa da man gyaɗa, abin ya fito yana ƙamshin ƙuli-ƙuli. Gwaggo ta yi dariya har da hawaye, sannan ta zaunar da ni. Ta ce ƙamshi iri biyu ne, akwai mai gudu, akwai mai zama. Lemo da danginsa masu gudu ne. Sandal da miski su ne masu zama, su ke riƙe zane har bayan wanki.

Sai da na girma na yi karatu na tarar masu haɗa turare a Faransa ma haka suka kasa ƙamshi: na sama mai saurin tashi, na tsakiya, da na ƙasa mai daɗewa. Na kuma gano ashe abin da na so yi wasu sun daɗe suna yi, sai dai da furen lemo mai ɗaci, ɗan'uwan garehul. A Nabul ta ƙasar Tunisiya, da Maroko da Masar, da hannu ake tsince furen in lokacinsa ya yi, a turara shi a tukunya kafin ya yi yaushi, a kama tururin ya huce, mai ya taso a saman ruwa. Kusan tan ɗaya na fure ke ba da kilo ɗaya na mai. Sunansa neroli, daga garin Nerola na Italiya, inda wata gimbiya ta shahara da shafa shi a ƙarshen ƙarni na 17. Ruwan da ya rage shi Larabawa ke kira ma'uz zahar, suna sa shi a kayan zaƙi. Da na tuna ƙwaryata guda, sai na ji kunyar kaina.

Shi garehul a tsibirin Babados aka fara ganinsa, barbara ce tsakanin lemon zaƙi da wani babban lemo na Asiya, kuma a 1750 aka fara bayaninsa a rubuce. Man da masu turare ke samu a jikinsa daga ɓawo ake matse shi. Furen kuwa, wanda kake ganin sunansa a jikin kwalba, galibi haɗi ne: ɗan neroli, ɗan man ganyen lemo, ɗan man ɓawon, da sinadaran ɗakin bincike, a yi ta gwadawa har hanci ya yarda. Tun shekarun 1970 aka samu dabarar kifa ƙoƙon gilashi a kan fure yana bisa itacensa, a zuƙe iskar da ke kewaye da shi, na'ura ta tantance abin da ke ciki, a kwaikwaya. Ba a tsinke ko ɗaya. Da Baba ya ji wannan, da ya ce masu hankali.

Bara na shiga wani shagon turare a Kano, yarinyar shagon ta ce, "Hajiya, gwada wannan," ta fesa mini a wuyan hannu. Na kai hanci, sai ga ni tsaye a bayan gidan nan, buta a hannu, gari bai gama wayewa ba, Baba na gyaran murya. Ban yi ciniki ba na biya. Itatuwan an sare su tuntuni an yi gini a wurin, Baba da Gwaggo duk sun riga mu gidan gaskiya, Allah Ya jiƙansu.

Kafin Adaidaita ta kai ni gida na sake sansana hannuna. Furen ya tafi, miski kaɗai ya rage. Na ajiye kwalbar kusa da humrar da nake haɗawa irin ta Gwaggo, kuma in zan fita, ita humrar nake shafawa.